Ƙuri'ar Goriba

Ran Laraba nake da 'yan aji shida.
Tun da ambaliyar bara ta cinye ɗakinmu
allo ya koma jingine a gindin tsamiya.

Kundin tsarin mulkin ma na aro ne,
na wani tsohon akawun kotu a Kafin Hausa.
Gara ta ci bangonsa, ta lashi gabatarwa,
amma sashe na sha huɗu yana nan lafiya.

Na rubuta shi da guntun alli:
mulki na jama'a ne,
daga hannunsu gwamnati ke karɓar iko.
Suka maimaita sau uku da ƙarfi
har akuyar Inna Kande ta bar kiwo ta waiwaya.

Na ce, to, karatu ba a leɓe yake kwana ba.
Bana ba ni zan naɗa monita ba,
ku za ku zaɓa, kowa ƙuri'a ɗaya.

Gwangwanin tumatir biyu a bayan allo,
tsakuwa ɗai-ɗai a tafin hannu.
Ɗanliti ya fito, ɗan mai injin niƙa,
sai Tasalla, mai zuwa kullum a makare
don sai ta cika randar kakarta daga rijiya.

Tasalla ta ce in ta ci
ba sauran ƙanana su yi shara manya na hira,
har mai gemu sai ya riƙe tsintsiya.

Ɗanliti bai ce uffan ba.
Aljihunsa ne ya yi jawabi da aka fita tara,
a bayan rumbu, can nesa da idon hanya.

Muka zazzage: talatin da ɗaya, da tara.
Na dubi bakunansu,
kowanne da garin goriba a gefe,
wani ma bai gama tsotsar ƙwallon ba.
Na ce, kun sayar da zango guda a kan abin da ba ya kai ciki!
Na miƙa hannu ga tsumagiya.

Sai Jaɓɓo, ɗan rugar bayan fadama,
wanda sai a yi mako ban ji muryarsa ba,
ya ɗaga yatsa: Malam, ina da tambaya.

Daren zaɓen nan da ya wuce
ni na riƙe maka keke a ƙofar gidan wakilin jam'iyya.
Baƙar ledar da ka rataya a ƙaho,
mene ne a ciki?

Iska ta tsaya.
Ko tari babu, balle dariya.

Da na so, da na ce albashi ya yi wata biyu bai zo ba,
da na ce Hajara na kwance a lokacin,
kuma duk ba ƙarya ba ne.
Amma idanu arba'in sau biyu suna kaina,
ga rubutuna a allo bai ko bushe ba.
Na ce, taliya ce.
Ƙulli biyar, da sabulu ɗaya.

Cikin kwana huɗu muka cinye ta.
Shi kuwa ya tafi da shekara huɗu,
ga mu nan, ni da ku, rufinmu ganye,
kujerarmu saiwa, in hadari ya taso mu watse.
Na mayar da bulalar bayan allo,
hannuna ya yi mata nauyin kunya.

Su da kansu suka ce a sake.
Suka yi ta musu har inuwa ta karkata,
aka kwashe tsakuwa, aka koma layi.
Ɗanliti ashirin da biyu, Tasalla sha takwas.
Ba zan ƙara mata ko guda ba,
haka gwangwani ya faɗa, haka zan gaya.

Ta tafa masa sau biyu, ba fara'a,
ta ce, gobe da safe zan ga wa ke shara.
Ya sunkuyar da kai yana murza aljihu,
ba kowa ciki sai ƙwallo guda da ƙaya.

Na ɗaure kundin a bayan keke da roba.
Laraba mai zuwa sashe na talatin da shida ne,
wai kada a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa.
Tun daga makaranta har gadar Dingare
ina tunanin tsumagiyar nan,
da sau nawa ta riga kunnena tafiya.